Tsohon injin wanki mai rola: moto za a ƙara masa ko dabara?

"Assalamu alaikum. Ni mai wanki da guga ne a Jos. Na sayi wani tsohon injin wanki na hannu, samfurin Maytag, mai tukunyar alminiyom mai kusurwa huɗu, da rola biyu a sama masu matse kaya. A jikin motonsa an rubuta 115V da 60Hz, don haka da taransifoma nake kunna shi. Yana aiki, amma sanyi-sanyi yake kaɗa kaya, moton yana zafi, kaya suna fitowa daga rola suna ɗigar ruwa, ga shi wajen 'yan garuwa nake sayen ruwa, kullum sai ya shanye min jarkoki. Wani bakanike ya ce in sa masa moto mai doki ɗaya. Hakan zai gyara shi, ko akwai wata dabara?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa sana'a albarka. In na fahimce ka, koke huɗu ka kawo: injin ba ya kaɗa kaya da kuzari, moto na zafi, rola ba ta matsewa yadda ya kamata, ruwa kuma na tafiya da yawa. Kana son sanin ko babban moto zai share maka hawaye. Amsata ita ce kada ka sa. Biyu ne kawai cikin koken nan suka shafi moto, su ɗin ma ba ƙarancin doki ya jawo su ba. Sauran biyun, waɗanda su ne suke cin kuɗinka, suna wajen rola da kuma yadda kake tsara wankin.

Ya kamata ka san abin da ke hannunka tukuna. Kamfanin Maytag a garin Newton na jihar Iowa a Amurka ya riƙa ƙera waɗannan injina. A 1922 ya fito da samfurin Gyrafoam, wanda aka dasa wa maburgi mai fukafukai a ƙasan tukunya, yana juyawa dama da hagu yana tura ruwa ta cikin zaren tufa. Bai daina yin masu rola ba sai 1983. Mai tukunyar da ka kwatanta galibi samfurin E2L ne, kuma ko da naka ne na ƙarshe da ya bar masana'anta, ya ba shekara 40 baya. Har gobe al'ummar Amish da ke jihohin Ohio da Pennsylvania da Indiana, waɗanda ba sa jawo wutar lantarki ta gari zuwa gidajensu, da shi suke wanki: sukan cire moton lantarki su ɗaura ƙaramin injin fetur ko moto mai aiki da iska. Bukatarsu na cikin abin da ya sa har yanzu ake samun sabuwar rola da sil, wato robar da ke hana yoyon ruwa da mai, da sauran kayan gyaransa a can.

Cikinsa babu wani abin ruɗani. Moto ne yake jan bel, bel ya ja fuli, fuli ya juya giya, giya ta kaɗa maburgi ta kuma juya rola. Ba ya dafa ruwa, ba shi da allon kwamfuta. Motonsa rubu'i ne ko sulusin doki; doki ɗaya wat 746 ne, sulusinsa wajen 250, kuma ko an haɗa da abin da moton ke ɓatawa a zafi, aikin awa guda bai cika wuce rabin yunit ba. Dutsen guga na lantarki ya ninka shi ci. Saboda haka in ana maganar rage kashe kuɗi a kan wannan inji, ba a wuta za ka samu rarar ba.

Sanyin kaɗawa da zafin moto

Taransifoma tana sauke wuta daga bolt 230 zuwa 115, amma ba ta taɓa ɗaya lambar da ka gani, wato 60Hz. Wutar Amurka sau 60 take kai-da-kawo a daƙiƙa, tamu a Najeriya sau 50, kuma gudun irin wannan moto da wannan lambar yake tafiya. Moton da aka rubuta wa juyi 1,725 a minti, a wutarmu bai wuce 1,440 ba. Kashi ɗaya cikin shida na gudunsa ya tafi tun kafin ka jefa ko hankici a ruwa. Zafin ma daga nan yake: koyil ɗin da aka naɗa don 60Hz, in aka ba shi bolt ɗinsa cif a 50Hz, yakan ja wuta fiye da ƙima, ga fankar da ke sanyaya shi ita ma ta rage gudu. In taransifomar ƙarama ce, abin ya ƙara lalacewa, domin lokacin tashi moto yakan ja ninki biyar ko shida na abin da yake ja in ya daidaita. Wuta ta sauka, ya yi ta gurnani bai kai gudun da zai kashe koyil ɗin tashi ba, wato wanda ke tayar da moton kawai ya ɗauke, daga nan sai ƙauri. Na buɗe motoci da yawa da suka ƙone ta wannan hanya, masu su kuma suna ɗora laifin a kan tsufa.

Maganin da nake ba mutane shi ne su jingine taransifoma su nemi moto na bolt 220, 50Hz, mai sulusin doki, mai juyi wajen 1,400 a minti. Ka karanta lambar juyin da idonka kafin ka biya, domin motocin famfon jan ruwa da suka cika kasuwa masu 2,800 ne, in ka ɗaura irinsu ka ninka gudun giyar. Ka kuma tabbata ɓangaren da tsohon ke juyawa nan sabon ke juyawa. Don dawo da gudun asali, sai a ƙara faɗin fulin da ke bakin moto da kashi ɗaya cikin biyar: in inci 2 ne, a sa mai kusan inci 2 da rabi. Kada a wuce nan.

Shi kuma moto mai doki ɗaya, in juyinsa 1,400 ne, to 1,400 ɗin zai yi, maburgi ba zai ƙara sauri ko kaɗan ba. Abin da zai canza shi ne ranar da bargo ya cushe a rola ko maburgi ya sarƙe. Ƙaramin moto sai ya tsaya, ko bel ya zame, ka kashe ka warware. Babba ba zai tsaya ba, zai ci gaba da murɗawa har haƙorin giya ya karye, giyar kuma ba ka samun ta a shagon kowa a Jos ko Kano. Ka kuma tuna cewa abin da ya shiga rola wata rana ba bargo ba ne, hannu ne.

Kafin ma ka sayi komai, ka cire fulogi ka leƙa ƙasa ka duba bel. Ka danna tsakiyarsa da babban yatsa. In ya lotsa fiye da rabin inci ya saki, in gefensa na ƙyalli ko ya jiƙe da mai, zamewa yake yi, moto na gudu maburgi na jan ƙafa. Masu sayar da fambel na mota da na injin niƙa suna da girmansa, ka tafi musu da tsohon. In ka ga mai yana bin ƙafar injin yana ɗiga, musamman in ya yi fari-fari ya yi kauri, sil ɗin da ke ƙarƙashin maburgi ya mutu, ruwa na shiga giya yana koro mai waje. Wannan ba ya jira. Kullum in an tashi daga aiki a zare maburgi, a kwashe zare da yashin da suka taru a ƙarƙashinsa, a shafa ɗan basilin a sandar, a bar shi a cire har gobe. Wanda aka bari shekara bai fita ba, fitar da shi sai an yi da gaske.

Sai dalilin da ya fi duka yawa, wanda ba na inji ba ne: cika kaya. Mai sana'a yana son ya gama da wuri, sai ya danna kaya har baki. Tukunyar nan kilo 4 na busassun kaya take ɗauka, ko ɗan ƙasa da haka. Ka zuba ruwa har layin da aka yi alama, ka narkar da omo, ka kunna maburgi, sannan ka riƙa jefa kaya ɗaya bayan ɗaya a warware. Ka sa ido kan wani abu mai launi a ciki. Muddin yana nutsewa ta tsakiya yana ɓullowa ta gefe, wanki ake yi. Da zarar ka ga ya tsaya a sama yana rawa wuri ɗaya, ka wuce ƙima, ka cire biyu. Lodi biyu masu juyawa sun fi lodi ɗaya cushe saurin fita, sun kuma fi sauƙi ga moto. Minti 10 zuwa 12 ya ishi yawancin kaya in an jiƙa su tun farko a baho. Barin su rabin awa suna kaɗuwa ba ya ƙara haske, zare kawai yake ci. Ruwan Jos kuma da sanyi, omo ba ya sakin jiki a cikinsa. Ka ajiye baƙaƙen jarkoki a rana tun safe, ɗumin da za su ɗauka kyauta ne kuma za ka ga bambanci a wuyan riga. Jini da ƙwai ne kawai ake fara cirewa da ruwan sanyi.

Rola

A Maytag rolar sama mai taushi ce, ta ƙasa mai tauri, an yi haka don maɓalli ya samu inda zai lotsa. Da shekaru roba takan bushe ta tsage, tsakiyarta ta cinye saboda nan kowa ke cusa kaya, in kuma an saba barin ta a ɗaure bayan aiki sai gefe ɗaya ya baje. Gwajin mai sauƙi ne. Inji a kashe, ka saki rolar, ka sa siririyar takarda a hagu da tsakiya da dama, ka ɗaure, ka ja kowace. In ta tsakiya ta zare ba wahala ta gefe ta ƙi, rolar ta cinye. In duka ukun sun zare, sifirin ne ya gaji ko boris ɗin bakin rolar ya ci. Masu sake wa rolar injin ɗab'i roba suna iya yi maka wannan, ka kai musu biyun tare ka gaya musu ɗaya ta fi ɗaya taushi. Naɗa robar tayar keke a kai, wanda na ga wasu na yi, kwana kaɗan yake yi ya warware, kafin nan kuma ya zana wa farar shadda baƙin layi. Bayan aiki a wanke rola da ruwan sabulu, a goge, a sake ta, a rufe ta daga rana.

Ko sabuwar rola ce, in aka ba ta tufa a murɗe kamar igiya, tsakiyar dunƙulen ne kawai zai matsu, gefe ya wuce da ruwansa. A baza tufa ta cika faɗin rolar, kauri ɗaya daga gefe zuwa gefe. Maɓalli da zif a naɗe su ciki. Rigar filo da safa da aljihu a fara sa rufaffen gefen, ruwa ya samu hanyar fita ta baki, in aka juya sai su kumbura su fashe. Tawul da jins a bi da su sau biyu. Ka kuma duba farantin da ke ƙarƙashin rolar, wanda ke karkata ya mayar da ruwan da aka matse. In ya maƙale ta ɓangaren da ba daidai ba, ruwan sabulu zai riƙa bin kaya zuwa bahon ɗauraya.

Akwai sanda a gaban rolar da in aka buge ta rola ke buɗewa nan take. Ka gwada ta kowace safiya da naɗaɗɗen tawul kafin a fara aiki, in ba ta buɗe ba a ranar a matse da hannu. Samfuran baya-bayan nan suna da abin takawa da ƙafa wanda in an ɗaga ƙafa rola ke tsayawa; in naka na da shi kada ka bari a toshe shi don sauri. Hijabi da mayafi da faffaɗan hannun riga da carbin wuya ba su da wuri kusa da rola, yaron shago kuma kada ya taɓa ta sai ka tsaya a kansa ya koya. Yawancin tsofaffin nan da waya biyu suka zo, babu ta at, wato wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa. Tukunya ƙarfe, ƙasa jiƙe, kai ba takalmi. Mai gyaran wuta ya ɗaura wayar at a jikin injin, ya kuma sa maka abin yanke wuta na miliamfiya 30 a layin.

Ruwa

Nan ribar take. Tukunyar tana cin wajen galan 18 na Amurka, kusan lita 68, wato jarka uku saura kaɗan. In kana zubarwa bayan kowane lodi, sannan ka sake cika ta don ɗauraya, kowane lodi ya ci kusan jarka shida, kuma ka mayar da shi injin zamani ba tare da sauƙin na zamani ba. Ba haka aka tsara shi ba. Matan Amurka na wancan zamani ruwa ɗaya suke wanke kayan mako da shi, ga bahon ɗauraya biyu a gefe. Shi ya sa aka yi kan rolar yana juyawa a kan sandarsa yana kullewa a wurare daban-daban: daga inji zuwa baho na farko, daga na farko zuwa na biyu, daga na biyu zuwa kwando, kowane mataki da matsa.

Lissafin ya cancanci a tsaya a kansa. A ce kaya kilo 4 sun fito daga rola mai kyau ɗauke da lita 4 na ruwan sabulu. Ka jefa su a baho mai lita 40, sabulun ya koma kashi ɗaya cikin 11. Ka matse, ka jefa a baho na biyu mai lita 40, ya koma ɗaya cikin 121. Da ka haɗa lita 80 ɗin a babban baho guda, ɗaya cikin 21 kawai za ka samu. Ruwan bai canza ba, amma ɗaurayar ta ninka kusan sau shida. In kuwa rolar ta gaji tana barin lita 10, baho biyun ma ɗaya cikin 25 za su ba ka, kuma ruwan ɗaurayar zai yi saurin yin kumfa ka zubar. Ka ga ke nan gyaran rola da kuɗin 'yan garuwa magana ɗaya ce.

Ruwan tukunya kuma a bi da shi daga mai tsabta zuwa mai datti: farare, sai masu haske, sai masu launi, sai baƙaƙe da jins, a ƙarshe kayan bakanike da tsumma. Kowane lodi a ƙara ɗan ruwa ya koma layi, a ƙara ɗan omo kaɗan, ba cikakken awo ba. Lodi uku ko huɗu yakan ɗauka, ya danganta da dattin. In ya mutu a zubar da shi, a juye bahon farko cikin tukunya ya zama ruwan wanki tunda da sabulu a jikinsa, na biyu ya koma na farko, sabon ruwa ya shiga na ƙarshe kaɗai. Da tukunya ɗaya da baho biyu da ɗan ƙari, jarka bakwai ko takwas za su fitar da lodi huɗu. Wanda aka zubar ma yana wanke daɓe ya kora bayi.

Kai da kake wa jama'a wanki, akwai kayan da ba sa shiga wannan layi. Sabuwar atamfa mai zuba a ware ta. Kayan jarirai da na marar lafiya su samu ruwansu daban, mai zafi in da hali. Duk abin da najasa ta taɓa a wanke wurin da ruwa mai tsarki a waje kafin ya shiga tukunyar kowa, kuma bahon ƙarshe ya kasance ruwa garau, a canza shi da ya fara sauya kama, domin da kayan nan mutane za su yi salla. Bayanin hukuncin dalla-dalla fagen malamai ne, ka tambaye su; ni dai haka nake tsara wa waɗanda na kafa wa irin wannan inji. Bula da sitaci a baho ake sa su, bilic da soda ma haka, a bahon roba, domin suna baƙanta alminiyom su yi masa ƙananan ramuka. In ruwan rijiyarku mai nauyi ne, wato irin wanda sabulu ke wahalar kumfa a cikinsa, sabulun sanda zai riƙa yin dusa-dusa yana manne wa kaya da rola, omo ya fi dacewa da shi.

Inda rola ta tsaya

Ko ka gyara komai, rola tana da iyaka. Auduga takan fito daga cikinta da ruwan da ya kai kusan nauyinta, alhali tukunyar busarwa mai juyawa da gudu takan sauke shi sosai ƙasa da haka. Lokacin hunturu wannan ba damuwa ba ce, iska za ta gama aikin kafin azahar. Da damina kuwa, a garinku da rana kan yi wuyar gani, shi ne bambancin ba da kaya yau da ba da haƙuri. Injinan roba masu tukunya biyu da suka cika kasuwa, akan samu waɗanda ɓangaren wankinsu ya mutu na busarwa na nan lafiya, kuma ana sayar da su arha wajen masu gyara. Ka sayi ɗaya don wannan kaɗai. Rola ta yi aikin tsakanin baho da baho, shi kuma ya karɓi matsar ƙarshe na minti uku zuwa biyar. Gawayin guga ma zai ragu, tunda ba da dutse za ka ƙarasa busar da kaya ba.

Shadda mai maiƙo da leshi mai duwatsu da babbar riga mai aiki, ni ba na yarda su shiga maburgi ko rola. Maburgi na kashe ƙyallin shadda, rola na fasa dutse tana kuma karya yadi a layin da guga ke wahalar gogewa. Waɗannan hannu ne nasu. Ka bar wa injin zanin gado da tawul da yunifom da labule da kayan yau da kullum, su ne dama masu karya baya.

Abu ɗaya ne ba zan iya yanke maka daga nesa ba, lafiyar giyar kanta. In bayan sabon bel da moton da ya dace ka ji ƙwanƙwasa duk lokacin da maburgi ya juya, ko ka kama shi da hannu inji a kashe ka ji yana wasa sosai kafin ya cije, to a dakatar da aiki a buɗe. Ka ba mai gyaran giyar mota ko mai injin niƙa da ya ƙware, ya ɗauki hoton kowane mataki da waya kafin ya zare ƙusa, ya wanke da kananzir, ya sa sabon sil da mai mai kauri. Wajen kai shi a ɗauke shi a tsaye, in aka kwantar man giya zai tsiyaye. Bushin da ya ci, masu injin sassaƙa ƙarfe suna yanka sabo da tagulla. In haƙori ne ya karye, ka tambayi kuɗin kawo shi daga Amurka ka kwatanta da kuɗin sabon inji kafin ka sayi moto ko ka kai rola gyara.